Ɗan Ajinmu Mai Ƙaho

Dillancin shanu a kasuwar Shinkafi bai bar mini lokacin zama aji ba, sai na lalubo wata jami'ar intanet a waya. Ko takardun sakandare ba su tambaya ba, suka ɗauke ni karatun digiri. Na ce ai sun hango ƙwaƙwalwa ne. Na yanka rago, na sayi tabarau, na fara amsa gaisuwa da Turanci.

Aminina Sanda ya karɓi wayar, ya tura musu sunan bijiminsa, Ɗan Baƙi. Kafin mu gama shan fura, saƙo ya shigo: an ɗauke shi, har da yabon hazaƙarsa.

Har yau in bijimin nan ya yi kuka, sai dillalai su ce, "Alhaji, amsa mana, ɗan ajinku na kira!"