Kubbar Sarki Gagarau

Damina uku a jere fadar Dajin Marke tana yoyo. Rufin ciyawa ya ruɓe, har wata rana ɗigo ya sauka a hancin Zaki, Sarki Gagarau, yana tsakiyar yanke hukunci. Nan take ya tara majalisa.

Kura Tsigai, ministar ayyuka, ta miƙe ta gyara murya. "Ranka ya daɗe, zamanin ciyawa ya wuce. Gwamnatinka mai adalci za ta gina kubba ta kankare, ba ginshiƙi, ba tsaga, jikokin jikokinka su gaje ta. Kuma talaka ne zai fi kowa amfana."

"Ta yaya, ranki ya daɗe?" in ji Tabawa, tsohuwar jaka mai wakiltar 'yan dako.

"Zai riƙa kallonta kyauta."

Aka yi tafi.

Ashe siminti sai an gasa dutse. Aka farfasa tsaunin da rafi ke ɓulɓulowa daga gindinsa, aka sare marke da kanya aka hura wuta, jakuna na jigila har bayansu ya saɓule. Ƙura ta rufe daji. Hankaka ya koma gida fari fat, matarsa ta ce ba ta san shi ba.

Gara ta zo fada ta faɗi ta yi gaisuwa. "Mu ma kubba muke ginawa tun kaka da kakanni, da ƙasa da miyau. Ciki sanyi, kuma ba mu ƙona ko kara ɗaya ba."

"Shawara mai kyau," in ji Kura. "Za a kafa kwamiti." Aka naɗa Dabgi shugaba, shi da abincinsa gara. Ba a sake jin maganar ba.

Kubba ta kammala, kuma gaskiya ta yi ƙarfi. Giwa ta gwada ta da goshi, ta yi mako tana jinya. Sai dai rafi ya ƙafe, inuwa ta ƙare. Tabawa ta kwance igiyarta ta yi kudu, jakuna suka bi ta, sannan bareyi, sannan kowa. Kura ta ce za ta je duba halin da talakawa ke ciki, ta tafi da ragowar buhunan siminti.

Da hantsi Gagarau ya hau karaga, ya ga ba mai gaisuwa. Ya yi ruri: "Wa ke mulkin dajin nan?"

Kubba ta maido masa da muryarsa: "Dajin nan? Dajin nan?"

Sarki ya taso a fusace don ya nuna mata dajin. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, yana neman inda zai nuna.