Waƙar Kawu Idrisu a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kusa rushe auren ɗana Mahmud da bakina, ina zaune a kan kafet ɗin mutane da finjalin gahawa a hannu.

Sai na fara da Kawu Idrisu, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, don daga wajensa abin ya samo tushe, ko da yake ba shi da laifi. A Bur Sudan, garin da ke bakin teku, aka haife ni, kafin iyayena su ƙarasa hayewa zuwa Makka. Kawu yana cikin wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ruwa, irin kiɗan da ake kira jaz. Wani ƙahon ƙarfe yake busawa mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, in ya gaji da busa ya yi waƙa da Turanci. Duk gadon da ya bar mini kaset ɗaya ne na wasansa. A cikinsa akwai wata waƙa mai sanyi, mai tafiya a hankali, wadda ko ba ka jin yaren sai ka ji kamar ana yi maka bankwana.

Babu wanda ya taɓa ce mini Kawu ne ya ƙirƙiro ta. Ni dai a bakinsa na fara jin ta, shi ke nan na ba shi. Shekarun da na yi ina tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya ta Makka kaset ɗin yana aljihun mota, ina sa shi in na sauke fasinja a Jidda ina dawowa ni kaɗai (in da alhazai a mota kuwa ƙira'a ce zalla, ban haukace ba).

Wata rana ina jiran fasinja a zauren wani otal a Jidda, sai na ji waƙar Kawu tana saukowa daga rufi, wata mata ce ke rerawa da murya mai kauri. Na ce wato haka Turawa suka yi mana. Da na dawo unguwa na kai ƙara mirkaz, wato bencinan da dattawa ke zama suna shan shayi bayan la'asar. Aka yi ta salati ana jajanta mini, ni kuma abin ya yi mini daɗi.

Daga nan labarin ya fara ƙiba. Na ce matar Kawu, Inna Hajjo, ta taɓa yin yaji, shi kuma ya zauna bakin teku yana hawaye har waƙar ta zo masa. Na ce wani Bature ma'aikacin jirgi ya ɓoye na'urar ɗaukar murya a ƙarƙashin tebur ya sace ta. Da tafiya ta yi tafiya Baturen ya samu jan gemu da tabo a goshi (har yau ban san inda na samo masa su ba). Abin ban tsoron, ni kaina na yarda. In na zo wajen tabon har muryata rawa take yi.

To, Mahmud ya girma, ya ga yarinya a unguwar Zahir, 'yar Malam Bukari. Su tun kakanninsu suka zo a ƙafa, tuni sun zama 'yan ƙasa, mu kuwa har yanzu sabunta iƙama muke yi, wato takardar izinin zama. Malam Bukari bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi kafin a turo manya yana so ya ga uban yaron ido da ido. Mahmud ya rame a kan yarinyar nan, abinci ma sai uwarsa ta tsaya a kansa. Ranar da za mu je uwar tasa ta guge mini tobe, doguwar rigar nan ta Larabawa, ta fesa mini turare, ta raka ni har bakin ƙofa tana cewa in gaisa, in sha gahawa, in an tambaye ni in amsa a gajarce.

Na amsa a gajarce kuwa, da farko. Malam Bukari mutum ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa, Hausarsa ta Sakkwato gauraye da Larabci. A bayansa akwai wani dogon kabad na katako a rufe, na ɗauka littattafan hadisi ne, har na ƙara gyara zama. Ya tambayi asalinmu. Na ce mahaifina tela ne, ni direba, kakana manomi. Ina faɗa ina jin abin yana fitowa ƙanana-ƙanana a cikin wannan babban ɗaki mai sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai muna da Kawu.

Na ce amma fa a danginmu akwai wanda duniya ta ci amanarsa. Mahmud ya taɓa mini gwiwa, na ture hannunsa. Na kawo yajin, na kawo bakin teku, na kawo Bature da gemunsa. Don kada a ce ba hujja, na rufe ido na rera sautin waƙar da hanci, ni dattijo mai furfura, a gidan da na zo neman aure.

Da na buɗe ido sai na ga fuskar Malam Bukari ta washe. Na ce a raina an gama, yarinya tamu ce. Ya miƙe ya buɗe kabad ɗin nan. Babu hadisi ko ɗaya. Faya-fayan garmaho ne jere a cikin kwalayensu, daga sama har ƙasa. Ashe a tashar jirgin ruwa ta Jidda ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi yake sayen su a hannun ma'aikatan jirgi.

"Ya Abu Mahmud," ya ce, "wannan kake nufi?"

Ya ɗora allura. Matar nan ta otal ce ta cika ɗakin.

Na ce ita ce ɓarauniyar.

Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Zama ya yi kusa da ni ya juya bayan kwalin yana bi da yatsa. Ya ce mutum biyu ne suka yi waƙar a Amurka, ɗaya ya tsara kiɗan ɗaya ya rubuta kalmomin, don wani wasan dandamali da tuni aka manta da shi. Ya nuna mini shekarar, na yi lissafi a zuci, na ga a lokacin ko auren iyayen Kawu ba a ɗaura ba. Ya ce irin waɗannan waƙoƙin haka suke, sun fita daga hannun masu su sun zama na kowa a sana'ar. Duk mawaƙin da ya isa sai ya gwada kansa a kansu, wani ya ja ta a hankali, wani ya sa mata gudu, masu busa kuma su murɗe ta har sai ka kusa kasa gane ta kafin su dawo da ita gida. Ita wannan matar (ya faɗi sunanta, amma ba ya zama a bakina) sau biyu ta ɗauke ta, tana budurwa da makaɗa cike da ɗaki, sannan da ta tsufa muryarta ta dushe, daga ita sai mai fiyano. Ya ce ta biyun ta fi, don a nan ta san abin da take faɗa. Ya sa mini ita. Murna yake yi tsakaninsa da Allah, ya samu wanda ya san waƙar.

Mai hankali a nan zai ce Allah sarki, ashe haka ne, ya ɗauki dabino. Ni kuwa cewa na yi ai Bature in ya yi sata, buga shekara a kwali ba zai gagare shi ba. Na zaro waya na ce Inna Hajjo tana nan da ranta a unguwar Rusaifa wajen 'yarta, bari a ji daga bakin mai yajin. Mahmud ya ce, "Baba, halas, ya isa haka, don Allah." Na buɗe lasifika, saboda Inna kunnenta ya yi nauyi, kuma ta ɗauka na kowa ma haka yake.

Bayan ta gama tambayar ko waye ya mutu, na ce mata waƙar nan ta Kawu nake so ta gaya wa mutane yadda ya yi ta.

"Wa? Idrisu? Idrisun da ko sunan 'ya'yansa sai maƙwabta suka zaɓa masa? Faifai ya aro wajen wani kukun jirgi, ya hana mu sakat da shi har ya haddace. Turancin ma bai san me yake cewa ba."

Na ce a hankali, to yajin fa, Inna.

"Ni na yi yaji? Wane maƙaryacin ya faɗa? In je ina, gidanmu yana Chadi? Kai kuma me ka sani a kai, kai da ka tsula fitsari a akwatin ƙahon nasa har ya daina ɗaukar ka?"

Na nemi wajen kashe wayar na rasa. Tsohuwar mawaƙiyar tana ta jan waƙarta a garmaho, Inna tana ta tambayar ko ina jin ta, daga bayan ƙofar cikin gida kuma na ji dariyar mata da ake ƙoƙarin dannewa da mayafi. Mahmud ya kafa wa kafet ido kamar zai haƙa rami ya shige. Malam Bukari ya ƙara mini gahawa.

A hanyar gida, da muka shigo unguwa, Mahmud ya yi mini magana da Larabci, wanda ba ya yi da ni sai ransa ya ɓaci. Ya ce abu ɗaya ya taɓa roƙo na a rayuwarsa, shi ne auren nan. Wannan ta fi mini maganar fitsarin ciwo. Kwanaki suka wuce ba labari daga Zahir. Na daina fita mirkaz, na ce ƙafa ke damu na.

Sai ga Malam Bukari da kansa wata safiya a ƙofar gidanmu, wai kaset ɗin ya zo ji. Babu abin da ke cin kaset a gidan sai tsohuwar motata da ke fake a lungu, don haka a ciki muka zauna, dattawa biyu a motar da ba ta da taya ɗaya. Ya saurara har ƙarshe ido a rufe. Ya ce Turancin dai ba Turanci ba ne, ba na kowace ƙasa ba ne. Amma busar da ke tsakiya, inda Kawu ya saki waƙar ya yi yawonsa kafin ya dawo, babu irinta a faifansa ko ɗaya. Ya ce wannan wajen na kawunka ne, shi za ka riƙa faɗa.

Da zai fita ya ce mu turo manya. Na fara godiya ina kame-kamen ba da haƙuri, ya tsayar da ni. Ya ce ba shi ya yanke ba, uwar yarinyar ce. Wai ta ce dangin da ke da tsohuwa mai faɗin gaskiya haka, 'yarta ba za ta wulaƙanta a cikinsu ba, sharaɗinta kawai a zaunar da Inna Hajjo kusa da ita ranar biki. An zaunar da ita kuwa, kuma na ji labarin ba akwatin ƙaho kaɗai ta ba su ba.

Tun daga nan, in zan yi alfahari da mamaci, sai na fara bincika ko matarsa tana da rai, in tana da rai kuma ko tana ɗaukar waya.