A Bar Mana Raminmu

Jama'a, ina gargaɗinku tun da wuri: ranar Asabar za a yi ɓarna a titinmu, kuma da sunan gyara za a yi ta. Yau da safe ina buɗe shagona na gyaran keken ɗinki, sai ga wasu mutum uku da riguna masu ƙyalli sun sauko daga mota, sun shimfiɗa tef suna auna ramin da ke bakin layinmu. Na tambayi babbansu lafiya, ya ce cike shi za a yi. Sai da na nemi benci na zauna.

Na san wasunku za su ce mutumin nan ya fara taɓuwa. Ba shi ne ya cika wannan shafi da kuka a kan ramin nan har sau uku ba? Ni ne, kuma na janye. A lokacin 'yata Auta ba ta fara zuwa makaranta da keke ba.

Titinmu mai faɗi ne, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare. Gidanmu yana wannan hannu, makarantar Auta tana wancan. Babu danja, babu zanen tsallakawa, babu tudun rage gudu. Abin da muke da shi kawai shi ne ramin nan, wanda ya ci titin daga gefe zuwa gefe tun da bututun ruwa ya fashe shekara huɗu da suka wuce. Mutanen layi suna kiransa Kawu, domin babu direban da ke wuce shi bai rusuna ba. Mai tirela yana rusunawa, mai bas yana rusunawa, har motocin nan masu baƙin gilashi da jiniya sai sun gaishe shi a hankali. A cikin wannan gaisuwar ce Auta take sauka daga kekenta, ta tura shi ta tsallaka. Shekararta goma sha ɗaya. Kullum ina tsaye a ƙofar shago da sukurdireba a hannu, ba na sakin numfashi sai ta ɗago mini hannu daga can.

Maƙwabcina mai faci ya san titin kafin zuwan Kawu. Har yau yana ɗingishi, domin a daidai wurin ne mota ta kwashe shi a kan kekensa. Na san masu baki za su ce shaidarsa ba ta karɓuwa, tunda rabin tayoyin da yake facewa Kawu ne ke turo masa su. To, sun yi gaskiya. Amma ƙafar dai tasa ce.

Ba wai ba mu taɓa neman tudun rage gudu ba. Shekara uku muna kai takarda. Aka ce an kafa kwamiti. Kwamitin ya tafi ƙasar waje don ganin yadda mutanen can suke tsallaka titi, ya dawo da ƙiba da kwalayen huluna masu rubutun "A Tsallaka Lafiya". Sannan aka kafa mana ƙaton allo mai gargaɗin a kula da masu tafiya a ƙasa, aka kafa shi a tsakiyar hanyar masu tafiya a ƙasa. Yanzu sai ka sauka kan kwalta kafin ka kewaye shi. Allah ya ƙara wa manyanmu basira, irin wannan tunani ba a aji shida ake samunsa ba, inda ni na tsaya.

Na rufe shago na nufi ofishin da aka ce su ke da titi. Akawun da ke ƙofa ya saurare ni da kyau, sannan ya buɗe durowa. Ya ce akwai fom na kai ƙarar rami, akwai fom na godiya bayan an cike rami, amma fom na roƙon a bar rami bai taɓa gani ba tun da ya kama aiki. Ya tura ni bene.

A bene na sami wani Yallaɓai a ƙarƙashin fanka. Ya yi mini bayani cikin haƙuri cewa Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba a buɗe komai sai da hannunsa mai albarka, zai ƙaddamar da Makon Kare Masu Tafiya a Ƙasa da Masu Keke. Ta titinmu ayarinsa zai bi, kuma bai dace motar mutum irinsa ta tsaya tana tangal-tangal a rami ba. Na ce to, in an cike, za a sa mana tudun? Ya ce tudu na wani sashe ne, kuma sashen yana jiran rahoton kwamiti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyata fa? Ranar Litinin yaya za ta tsallaka?"

Ya ce, "Ka koya mata ta duba dama, ta duba hagu."

Na ce, "Tana dubawa, ranka ya daɗe. Motocin ne ba sa dubawa."

Ya yi dariya ya ce ina da ban dariya, ya kira masinja ya ba ni hula ɗaya.

Da na dawo gida, uwar yara ta ce a jingine keken kawai, ni in riƙa kama hannun yarinyar ina tsallakar da ita. Na amsa da to. Ban gaya mata cewa ni ma sai da albarkar Kawu nake tsallakawa ba, kuma gwiwata ta hagu ta daɗe da daina gudu. Auta ta ɗauki hular ta juya ta, ta karanta rubutun, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Baba, in na sa ta, za su tsaya?"

Na ce mata ta je ta yi aikin gidan da aka ba ta.

Mai faci ne ya yi ƙoƙarin kwantar mini da hankali. Ya ce in daina tsufa da wuri, ai ya san cikon 'yan kwangila: a zuba ƙasa, a shafa kwalta kamar ana shafa mai a burodi, ruwan sama ɗaya Kawu ya dawo har da ƙari. Hankalina ya ɗan kwanta, har na sha ruwa. Sai ga mai wanki ya zo da mummunan labari. Wai ɗan kwangilar sabo ne, ba a san halinsa ba. Wai an ga ya sauke tsakuwa ta gaske, ya kawo motar daɓe, kuma an ji yana tambayar inda bututun ya fashe don ya gyara shi tun daga tushe. Mai faci ya ajiye guduma.

Ni dai na shafe shekaru a wannan shafi ina tsine wa 'yan kwangila masu ha'inci. Idan akwai wanda na ɓata wa rai a cikinku, ina neman afuwa, yau ina buƙatar ɗayanku. Na goge keken Auta, na ɗaure birkinsa, na rataye hular a ƙusa. Ranar Asabar za a cike Kawu, ranar Litinin akwai makaranta. Abin da ban sani ba har yanzu shi ne ko sabon ɗan kwangilar nan ɓarawo ne ko kuwa, Allah ya kiyaye, mai gaskiya.