Rasuwar Ƴar Issa, Mai Ɗigon Shuɗi

A gafarta wa mai wannan takarda. Ba ta taɓa rubuta abin da jama'a za su karanta ba, ko a aji ma in malam ya ce ta tashi ta yi karatu, muryarta rawa take yi. Ta san ba a sanar da mutuwar waya. Ta san manya za su ce wasa ne da abin da ba a wasa da shi. Wallahi ba wasa take ba, sai dai ɗan kaɗan, don kada kuka ya hana ta gamawa.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Firdausi, ɗiyar gidan Malam Yusuf na bakin tabki, tana sanar da dangi, da ƴan ajinsu na lise, wato sakandare, da duk mai taka keke tsakanin Madarunfa da Gabi, rasuwar wayarta, wadda aka fi sani da Ƴar Issa, saboda a Ɗan Issa aka sayo ta, ta hannu, da tsaga a fuska tun ranar da ta shigo gida. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a cikin turmi.

Asalinta ba ta Firdausi ba ce. Ta wanta ce, Abarshi, wanda duk garin ya san shi da gudun keke. Shi ya sa mata aplikasiyon ɗin nan mai bin sawun tafiya, ya ɗaure ta a ƙahon kekensa da igiyar roba, ta riƙa auna gudunsa tana ba shi maki. Mafi kyawun gudun da ya taɓa yi, daga bakin tabki zuwa babban gawon hanyar Gabi, marigayiya ta adana shi. Duk wanda ya hau hanyar da ita a gabansa, zai ga ɗigo biyu a ekran, wato fuskar wayar: ja, shi ne mai tuƙi, shuɗi kuma Abarshi ne, yana gudun da ya yi a waccan rana.

Da zai tafi arewa neman aiki, ya bar wa ƙanwarsa keken da wayar. Ta ce masa ita littafi ta sani, ba keke ba. Ya ja mata kunne ya ce, "Ke ƴar karatu, ranar da kika kama ɗigon nan, ki sa a gaya mini, ni kuma in juyo gida." An yi dariya. Da fari yana bugowa, daga baya ya rage, tun damunar bara kuma ba wanda ya ji muryarsa.

Marigayiya mai gaskiya ce, ba ta san kara ba. Ranar da Firdausi ta fara hawa, ta faɗi sau biyu kafin ta fita gari, ɗigon shuɗi ya ɓace a bakin ekran kamar bai san ta ba, makin da aka ba ta kuwa ba za a faɗe shi a takardar ta'aziyya ba. Amma marigayiya ba ta taɓa yi mata dariya ba. In an ƙara gudu ko da kaɗan ne, sai ta yi ɗan kukan nan nata, tilin-tilin, ta zana koren layi. A kan tilin-tilin ɗin nan yarinyar da ke kunyar gaida maƙwabta ta ratsa kasuwa a kan keke da hijabinta yana tashi. A kansa ta koyi liƙin taya, ta koyi inda rairayi ke cin ƙafa bayan tsamiyar bakin hanya, ta gane cewa Abarshi yakan sassauta a gangaren gonar wake, wataƙila don ya gaida wata, Allah masani.

Marigayiya ba ta da yawan ci. Caji ɗaya a shago yakan kai ta yini. Ta sha rana, ta sha gargada, ba ta nemi rezo, wato layin sadarwa, ba sai in da hali. Kuma ita ce baƙuwar Inna ta kowane maraice. Firdausi na jingine keke, Inna za ta ɗago daga murhu ta ce, "Yau kin kama shi?" Sai a ce saura kaɗan. Sai Inna ta goge hannu a zane, ta ce a nuna mata, ta ɗora yatsa a kan ɗigon shuɗi tana bin sa har gawo. "Ja'iri, har yanzu bai gaji ba," in ji ta. A cikin duk abin da Abarshi ya bari a gidan, wannan kaɗai ke motsi.

Ciwon ajali ya kama marigayiya ranar Litinin da yamma. Hadari ya haɗo daga gabas, iska na tura keken ta baya, ƙafar Firdausi kamar ba tata ba. A tsamiya ta hango shuɗi kusa. A gangaren gonar wake, inda yake sassautawa, ita ba ta sassauta ba. Ja ya hau kan shuɗi har suka zama ɗaya, ga gawo can ana ganinsa, sai sama ta ɓalle. Ruwa ya bi ta tsagar nan ta fuska. Marigayiya ta fara tilin, ba ta kai ga na biyun ba, ekran ya yi fari fat.

Samira, ƙawar Firdausi, ta ce a binne ta cikin ɗanyar shinkafa ta kwana, ruwan zai fita. Babu shinkafa a gidan. Firdausi ta tura ta can ƙasan ƙwaryar gero, ba ta gaya wa kowa ba, don kada hankalin Inna ya tashi, ta wuce lakwal ɗaukar darasi da safe tana addu'a. Da hantsi Gwaggo Inde ta zo taya surfe, ta juye ƙwaryar a turmi kamar kullum. "Ni dai na ji taɓarya ta ce ƙas," in ji ta, "na ce ashe yanzu har tsakuwa ake zuba wa mutane a gero, sai na ƙara mata ƙarfi." Ba a riƙe Gwaggo da komai ba. Ta fi kowa kuka.

An garzaya da abin da aka tsince wurin Ɗan Baba mai gyaran waya. Ya buɗe ƙullin, ya duba, ya ce, "Ƴan mata, wannan ai tsaki kika kawo mini, ki kai wa kaji." Da ya ga fuskar Firdausi sai ya daina dariya. Ya ce gudun yana nan a ajiye a wani wuri, in an san kod ɗin shiga za a iya saukar da shi a wata wayar. Kod ɗin Abarshi kaɗai ya san shi.

Marigayiya ta bar keke ɗaya mai kukan sarƙa, da igiyar robar da har yanzu ke ɗaure a ƙaho tana rungume da iska, da abin caji mai karyayyen wuya. Ta bar Gwaggo Inde da ba ta ƙara taɓa taɓarya ba. Ta bar Inna, wadda jiya aka jingine keke ta ɗago daga murhu, ta buɗe baki, sannan ta mai da kanta ga wuta.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin gawon hanyar Gabi, inda gudun ke ƙarewa. Babu salla, malamai su kwantar da hankalinsu. Babu zaman makoki, babu sadaka, kada kowa ya kawo gero. Mai keke ya zo da kekensa.

Roƙo ɗaya ne ga direbobi da duk mai haramar arewa. In kun gamu da wani dogo mai wushirya, Abarshi ɗan Malam Yusuf na Madarunfa, ku ce masa ƴar karatu ta kama shi a ƙasan gonar wake. Shaidarta ta rasu, sai dai ya yarda da bakinta, ya san ba ta iya ƙarya ba. Ku ce Inna tana tambaya.

Mai rubutun ta liƙa wannan takarda a ƙofar shagon caji lokacin da mai shagon ya juya yana neman wayar wani. Kada a neme ta don a yi mata gaisuwa, ba za ta iya amsawa ba. Kafin ku kai wannan layi ta tura kekenta ta bayan masallaci, a hankali, don kada sarƙa ta yi ƙara.