Ranar da Na Zama Mai Saye a Kantinmu

Jama'a, yau da safe an ƙara mini girma. Na shiga kantin da nake dako a nan Ndola ta ƙasar Zambiya ina lebura, kafin in ajiye jakata na zama mai saye.

Manajanmu, Ba Chisanga, wato Malam Chisanga a yaren nan, shi ya tare mu a ƙofar baya yana ta haɗa gumi. Ya karɓe rigunan aikinmu, ya miƙa wa kowa kwando. Ya ce, "Mai duba haƙƙin ma'aikata na tafe. Yau ban san ku ba, ba ku san ni ba. Ku yi ta zagaye kuna taɓa kaya."

Kada ku ga laifinsa. Ai kantin nan ma'aikata uku na dindindin gare shi. Sauranmu 'yan wucin-gadi ne: bayan 'yan watanni a sallame mu ranar Juma'a, a sake ɗaukarmu ranar Litinin, don kada doka ta yi zaton mun daɗe. Ni da na fara da baƙin gashi, ga furfura ta cim mini, har yanzu sabon shiga ne.

Ranka-ya-daɗe Mai Dubawa ya iso da hantsi cikin mota biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mai ɗaukarsa hoto. Allah ya ƙara masa lafiyar ido. Ya dubi katafaren kanti, ya dubi ma'aikata uku, bai ga abin tambaya ba.

Ina gaban sabulai ina shinshinawa kamar mai kuɗi, sai ga Bana Mwape, wato maman Mwape, tsohuwar da kullum nake kai wa kaya bakin titi. Ta ƙwala mini kira da sunan 'yata Nsofwa, yadda kowa ke yi, don a nan Bashi na nufin baban wane.

"Bashi Nsofwa! Me kake yi da kwando kamar sabuwar amarya? Zo ka ɗaukar mini garin tuwon nshima."

"Mama, sayayya na zo," na ce ƙasa-ƙasa.

"Da wane aljihun? Ɗauki, ɗan nan, kada mota ta bar ni."

Na saɓa buhu. Ba Chisanga bai ko ƙifta ido ba. "Ka gani, yallaɓai? Masu sayenmu har dako suke yi wa juna." Mai Dubawa ya ce lallai a ɗauki hoton wannan.

Da na dawo na tarar da abin da ban taɓa gani ba: Bana Kasuba a zaune. Ita ce mai karɓar kuɗinmu, 'yar wucin-gadi irina. Cikinta ya tsufa, a tsaye take yini, mijinta kuma ba ya aiki. An riga an shaida mata cewa ranar da ta haihu, ranar za a sa wata a gurbinta. Amma yau mai saye ce, don haka manaja da hannunsa ya kawo mata kujera da ruwan sanyi.

Ta kurɓa, ta gyara zama, ta dubi Mai Dubawa.

"Yallaɓai, ni baƙuwa ce, tambaya gare ni. In mace tana aiki a nan ta haihu, ana ba ta hutu?"

Mai Dubawa ya juya ga manaja. Manaja ya yi maza ya ce, "Cikakke. Da albashinta. Aikinta kuma yana jiranta."

"Kai, wuri mai albarka! To ni dai aiki nake nema. Na'urar kuɗin can ma na iya ta, kamar na daɗe a kanta."

Fuskar Mai Dubawa ta washe, don tun zuwansa bai samu abin kai wa na sama ba. "Ɗauke ta yanzu, ta dindindin, a gabana! Mai hoto, matso." Aka sa hannu, aka gaisa. Ba Chisanga ya yi murmushi irin na mai ciwon haƙori.

Na yar da kwando na ɗaga hannu ni ma. Ina! Ƙamshin gasasshiyar kaza ya riga ya fito daga ofis, kuma babban mutum ba ya duba haƙƙi da yunwa.

Bayan motocin sun tafi aka mayar mana da riguna, aka ce safiyar ba ta cikin aiki tunda sayayya muka yi. Bana Kasuba kuwa ta ja kujerarta har gaban na'ura, ta ci gaba da aikinta a zaune.

Maƙwabcina Ba Kapembwa da ya ji labari ya ce, "Ka ga, ashe doka tana aiki."

Na ce, "Tana yi mana. Ita ma dai 'yar wucin-gadi ce, ta zo da hantsi, an sallame ta da rana."

Uwargida ce kaɗai labarin bai ba dariya ba. Ta ce ita abin da take so a yi mata bayani shi ne yadda magidanci zai yi rabin yini yana sayayya, ya dawo gida ko gishiri babu.