Kwamfutar Alhaji Mahadi Mai Ƙiba

Duk Funtua babu masanin na'ura kamar Alhaji Mahadi. Shi ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya musa wa kansa ba. Shekara talatin yana dillancin shanu, da gwiwa ta gaza sai ya buɗe shagon haɗa bidiyo, ya sa aka rubuta a allo: Injiniya Mahadi, Gagarabadau.

Da ilimin kara, wato kasuwar shanu, ya je sayen kwamfuta. Mai shago ya nuna masa wata siririya, yana yabon furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke matse bidiyo, da katin hoton da ke taya ta aiki. Alhaji ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya taɓe baki.

"Wannan ramammiyar? Ko rani ɗaya ba za ta kai ba."

Ya hango wata tsohuwa a lungu, ya zagaya ta, ya bubbuga mata ƙugu. Sai da ƙarti biyu suka ɗora ta a mota.

Bana tsutsa ta faɗa wa masarar Mahuta. Ofishin gona ya ce duk mai son maganin feshi ya turo bidiyon ɓarnar kafin ƙarfe huɗu na Alhamis. Malam Labo, shugaban manoma, ya ɗauki gona ashirin a waya, bidiyon ya yi girman da ya ƙi turuwa. Da hantsin Alhamis ya kawo wa Injiniya ya haɗa ya matse.

"Malam Labo, ka zo gidan aiki. Kafin ka sha ruwa an gama."

Malam Labo ya sha ruwa. Ya yi azahar. Kwamfuta na kashi huɗu cikin ɗari, fankarta na ruri kamar injin niƙa.

"Ka ji ƙarfi ko? Bijimi ba ya gudu, amma shi ke jan garma. Sauri ya haifi nawa!"

Alhaji ya shafa mata baya, ya yi mata fifita, har da ɗan fito irin na makiyaya. Ƙarfe uku ta kai kashi tara. Malam Labo ya cire hula, ya mayar, yana tuna gonakin mutane.

Malama Zuwaira, sakatariyar ƙungiyar manoman, ta biyo sahu ta shigo shagon. Ta karɓi wayar, ta zaro wata siririyar kwamfuta daga jaka. Minti goma sha biyu, bidiyo ya tafi.

Alhaji ya gyara babbar riga. "Ai ni na tausasa shi. Dafaffe ta tarar."

Tasa kuwa ya bar ta tana aiki, don mutunci. Tsakanin ɗauke wuta da sake farawa, sai Talata ta gama. Ya aika Mahuta takanas cewa aikinsu ya kammala.

Saƙon ya iske Malam Labo yana wanke tankin feshi.

"A gaida Injiniya. A ce ya ajiye wa tsutsar baɗi."