Ranar Da Na Tare Ƙwallon Yaya Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da na gani a Doha, da yammacin da na kusa rasa mata saboda wata ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba.

Lokacin kullen korona ina aikin gadi, muna zaune a wani ɗaki a unguwar Aziziya ni da abokina Mumuni, Bahaushen zangon Kumasi. Kwanaki ne masu nauyi, amma yau kewarsu nake yi: shayi a kofi ɗaya, salla a kan kwali, hira har bakin mutum ya gaji. Ƙanwarsa Rabi tana girki a wani gida a Nu'aija, kuma duk sanda ta sami mai zuwa sai ta aiko mana da shinkafa da wake a ajiye a bakin ƙofa. Daga godiya ta waya, magana ta yi nisa. Amma Mumuni ya ce shi ba shi da ta cewa, sai babban wansu, Yaya Alhaji, ya gan ni da idonsa.

Allah da ikonsa, gasar kofin duniya ta kawo Yaya Alhaji Doha kallon 'yan ƙasarsu. Mumuni ya ja ni gefe ya ce, "Malam, na faɗa masa kai mutum ne mai natsuwa, ba ka da hayaniya. Don Allah kada ka ƙaryata ni." Na ce ai wannan mai sauƙi ne. (Ni da na yi shekaru ina rubutun ajami da alƙalamin kara, tawada ba ta taɓa ɗiga mini a takarda ba, wane ne zai koya mini natsuwa?)

Bayan la'asar muka kai shi bakin ruwa a Lusail. Iska tana kaɗawa a hankali, jiragen katako suna lilo a kan teku, ko'ina tutoci da baƙi. Nan ya hango filin ƙaramin wasan golf, koriyar darduma mai 'yan tuddai da gadoji, da ramuka ƙanana. Ya ce sai mun gwada.

"Ko kuna tsoro ne?" ya ce da ni yana dariya. "Ku da muka hana ku zuwa gasar ma." Ƙasarsu ce ta fitar da tamu a wasan share fage.

Na yi murmushi irin na surukai, na ce, "Allah ya ba ku sa'a, Yaya."

Ma'aikacin wurin ya miƙa mana sanduna masu lanƙwasasshen kai, ya bayyana ƙa'ida: kowa da ƙwallonsa, kowa ya jira layinsa, a tura ta a hankali har ta faɗa rami. Na ji, na kuma gane. Sai dai tun da sandar nan ta shiga hannuna wani abu ya motsa a ƙirjina. A ƙauyenmu, in an cire amfanin gona, mukan sari gora mu yi wasa da ƙodagon goriba a fili. Ni ne mai tsaron baya. Aikina guda ne tun ina yaro: duk abin da ya gangaro wajen gidanmu, in mayar da shi inda ya fito.

Ramukan farko na yi su lafiya, ina tasbihi a zuci. Yaya Alhaji kuwa abin ya ƙi shi, ƙwallonsa sai ta je bakin rami ta kauce. Har muka iso ramin da ke dab da shingen ruwa. Na gama nawa, na tsaya kusa da ramin ina riƙe da sanda. Ya gyara hula, ya yi bismilla, ya buga. Ƙwallo ta haye 'yar gada, ta sauko tiryan-tiryan, babu abin da zai hana ta shiga. Mumuni har ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Sai dai na ji ƙafata ta yi tsalle, bakina ya ce, "Ba ta nan ba!" Na ɗauke ta da sanda, fau! Ta tashi sama, ta haye shinge, ta wuce kan wasu Turawa masu ɗaukar hoto, ta faɗa teku.

Na tsinci kaina a tsugune, ƙafafu a ware, sanda a gicciye, ina jiran ta biyu.

Ma'aikacin ya zo ya zare sandar daga hannuna kamar mai karɓar wuƙa a hannun mahaukaci, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Mumuni ya rufe fuska da tafin hannu yana cewa, "Mai natsuwa. Na ce mai natsuwa." Yaya Alhaji kuwa teku kawai yake kallo.

Muka yi magariba a masallacin kusa. Ban taɓa tsawaita sujada kamar ta ranar ba, don na riga na yi ban kwana da Rabi a raina. Muna sa takalma ya ce, "Malam."

"Na'am, Yaya."

"Tun da na zo nake kallonka. Ba ka tari, ba ka dariya, komai na faɗa sai ka ce haka ne. Na ce wa kaina, Rabi mai surutun nan, in na ba ta wannan bawan Allah ai hoto na ba ta." Ya ɗaura igiyar takalminsa. "Ashe da mutum a ciki. Ka turo manyanka. Amma ƙwallon nan, da ba ka tare ba, da ta shiga, ka sani."

"Da ta shiga, Yaya."

"Faɗa da ƙarfi, Mumuni ya ji."

Yau Mumuni ya koma gida, ɗakin nan ma wasu ne a ciki. Rabi kuwa ba ta da labarin da ta fi so ta ba baƙi kamar wannan, kuma a bakinta ƙwallon har Iran ta kai. Abin da na koya shi ne, mutum yana iya ɓoye yarintarsa a ƙarƙashin gemu da farar riga, amma ranar da zai je gaban surukai, gara ya ce hannunsa na ciwo, ya riƙe wa mutane ruwan sha.